Ciwon da Ya Yi Barci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani, Wanda babu raɗar da ke ɓuya gare Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Muna roƙon Sa Ya daidaita mana harsunanmu, domin kalma guda da aka furta da kyakkyawar niyya takan shiga gida ta yi shekaru tana mulki a cikinsa.

A ƙarshen wani lungu akwai gidan wani mai gyaran agogo, mutum mai tsoron Allah, mai kiyaye amanar mutane. Yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Kaka, da 'yarsa tilo. Yarinyar ba ta ko gama famfara ba ciwon daji ya kama ta a ciki. Aka yi mata aiki, aka yi wata da watanni ana ɗura mata magani ta jijiya, gashinta ya zube, ta rame har uwarta kan ɗauke ta da hannu ɗaya. Allah Ya ƙaddara tana da sauran kwana, ta tashi.

Ranar sallama uban ya tsaya gaban likitar yara, hularsa a hannu.

Ya ce, "Likita, ya mutu?" Ciwon yake nufi.

Likitar mace ce mai taka-tsantsan, ba ta son faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Ta ce, "Ba za mu ce ya mutu ba tukuna, Malam. Mu dai ce ya yi barci. Fatanmu kada ya tashi."

Mai Agogo ya yi godiya ya fito. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana gyara abin da aka ƙera don tashin masu barci, saboda haka babu wanda zai koya masa abin da ke tashin mai barci. Ƙara ce.

Tun kafin a sauke kayan asibiti ya bi agogunan gidan da na shagonsa da ke zaure, ya kwance ƙararrawarsu ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a cikin wata tsohuwar safa, ya ɗaure bakinta. Zakaran gidan aka kyautar da shi. Ƙofofi suka sha mai. Uwar ta koma yin daka a gidan maƙwabta uku gaba, Kaka ta koyi yin atishawa a cikin matashin kai. Kiran salla ne kaɗai bai taɓa tunanin yi wa komai ba, ya ce sauti ne mai albarka, ciwo ba ya jin sa. Magana kuwa, daga ran nan ta koma raɗa. Da raɗa ake gaisuwa, da raɗa ake faɗa, har an taɓa ganin mata da miji sun yi rigima mai zafi a kan gishiri, jijiyoyin wuyansu a tashe, amma kyanwar da ke kwance tsakaninsu ba ta ko motsa kunne ba.

Mutum ɗaya ne dokar ta fi ƙarfinsa, wato ƙanen uwar, Kawu, ɗan kamasho a tashar mota, wanda Allah Ya hore wa murya irin wadda in ya ce "sannu" tantabaru ke tashi daga kan rufi. An gwada shi sau da dama ya kasa, aka yanke masa hukuncin tsayawa a bakin lungu, ya aiko da gaisuwa.

Yarinyar kuwa, saboda yadda ake lallaɓa ta, maƙwabta suka sa mata Ƙwai, sunan ya bi ta.

Akwai abin da babu wanda ya sani a gidan, har da ita kanta. Maganin da Allah Ya sa ya zama sanadin tashinta ya taɓa mata ji. Tana jin tsawa, tana jin mota, tana jin malaman makaranta domin dama su da ihu suke koyarwa, ita kuma a gaba take zama. Raɗa ce ba ta ji ko kaɗan. In an kai ta awo, jini ake dubawa da hoton ciki, ba a duba kunne, kuma uban ne ke amsa kowace tambaya, ita ta gyaɗa kai. Haka Ƙwai ta girma a gidan da take ganin leɓɓa na motsi ba ta jin komai. In ta shigo ɗaki ta tarar an haɗa kai ana mutsu-mutsu da baki, a ɗago a dube ta da tausayi. In ta ɗaga murya ta yi tambaya, yatsu uku su hau leɓɓa uku a lokaci guda. An sha gaya mata dalilin wannan shiru, amma da raɗa aka gaya mata.

Tun tana ƙarama ta yanke wa kanta fassara: ciwon yana nan, kwananta kaɗan ne, ana ɓoye mata. Ta riƙe wannan a zuci, ta yi haƙuri, ta dage da ibada da karatu tana jiran ranar. Ranar ba ta zo ba, har ta zama budurwa, har ta gama sakandare.

Sai labari ya zo cewa an ɗauke ta a makarantar koyon aikin jinya da ke wani gari, abin da take fata tun tana kwance tana kallon masu fararen kaya. Sharaɗin guda ne: wadda ba ta bayyana ba a farkon zango, za a ba wata gurbinta.

Uwar ta rungume ta tana zubar da hawayen murna. Uban ya matso ya raɗa mata, "Allah Ya yi miki albarka, kin fitar da mu kunya." Kaka ta ɗaga hannu sama tana motsa baki.

Ƙwai ta ga hawaye, ta ga addu'a, ta ga uban da bai taɓa matsowa kusa haka ba. Ta ce a ranta, to, lokaci ya yi. Ta sassauta murya kamar yadda aka horar da ita ta ce, "Ba zan je ba. A ba wata mai sauran kwana."

Washegari ta raba wa 'yan matan maƙwabta takalmanta. Ta wanke kayanta ta ninke, ta shiga bin mutanen lungu tana neman gafara. Hankalin gidan ya tashi, raɗa ta ƙaru, ana haɗa kai a kicin, ana haɗa kai a zaure. Ita kuma duk lokacin da ta ga an haɗa kai sai ta ƙara kyautar da wani abu. Zango na matsowa, kayan ɗakinta na ƙarewa.

Da ta gama da mutanen lungu, sai ta nufi tasha wajen Kawu, mutumin da tun tana yarinya shi kaɗai ne a dangi take jin maganarsa daga farko har ƙarshe. Ta same shi ya rataya a ƙofar wata mota yana kiran saura mutum ɗaya, alhali motar babu kowa.

"Ƙwai! Wa ya bar ki kika gangaro har nan ba a naɗe ki a auduga ba?"

"Kawu, na zo ka yafe mini."

"Me kika ci nawa?"

"Ban ci komai ba. Tafiya ce ta matso."

"Ai na ji! Makaranta! Ni zan sa ki a mota, gidan gaba, kusa da direba."

"Ba wannan tafiyar ba, Kawu. Wadda ba a dawowa."

Kawu ya sauko daga motar. Ta gaya masa duka: shekarun da aka yi ana ɓoye mata magana, da hawayen ran nan, da yadda Baba ya matso ya yi mata bankwana a kunne.

"Me ya ce miki a kunnen?"

"Ai ba a faɗa da sauti. Baki kawai ya motsa."

Kawu ya dube ta, ya dubi sama, sai ya fashe da dariyar da ta sa wani direba ya taka birki a ɗaya gefen titi. "Ke 'yar nan! Ba ke ake ɓoye wa magana ba, ciwon ake ɓoye wa! Barci yake yi! Ubanki ne ya ce kada a tashe shi! Ni da kike gani, don shi aka kore ni daga gidan yayata!"

Ƙwai ta girgiza kai a hankali. "Kawu, kai ma an haɗa baki da kai. Wane irin ciwo ne ke barci? Allah Ya saka da alheri, na san don ka kwantar mini da hankali ne."

Dariyar Kawu ta tsaya. Ya san tsohuwar likitar da ta yi wa Ƙwai magani, domin ko da ta yi ritaya, duk wata takan hau mota a tasharsa zuwa asibiti, inda take zama da waɗanda suka tashi daga ciwon daji tun suna yara, su da iyayensu. An sha gayyatar Mai Agogo wannan zama, yana ba da uzuri, saboda ya ji an ce ana tafi a wurin. Ran zaman na gaba, Kawu ya tsaya a bakin lungu ya aika a gaya wa surukinsa cewa ko dai gidan duka su fito su bi shi asibiti, ko kuwa ya shigo tsakar gida ya yi sallama da dukan muryar da Allah Ya ba shi. Ba a jima ba suka fito, har da Kaka.

Ɗakin taron yana ƙarshen wani dogon baranda, bayan wurin karɓar magani. Kujerun roba ne aka jera a zagaye, da fanka mai kuka a sama. Wani saurayi ya cire ƙafarsa ta roba yana buga ta a tebur don a yi shiru a saurare shi, ba wanda ya yi shirun. Wata mai goyo tana ba da labarin yadda gashinta ya dawo a murɗe bayan da can a miƙe yake, ana ta dariya. Mai Agogo ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya raɗa wa matarsa, "Duk waɗannan, nasu ma barci yake yi?"

Ta gyaɗa kai.

Sai ya shiga da sanɗa, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya da yatsa a leɓe. Ya kama ƙafar robar nan a sama kafin ta sake sauka a tebur, ya rungume ta a ƙirji. Ya nufi makunnin fanka ya kashe.

"Baba, lafiya?" in ji mai ƙafar. "Ƙafata ce fa."

Mai Agogo ya raɗa, "Ku ji tsoron Allah. Ɗaki cike da masu barci kuna wannan hayaniya? In na mutum ɗaya ya farka ai sai ya tashi sauran."

"Me ya ce?" in ji tsohuwar likitar daga kujerarta.

Kawu ya ce, "Ni ne tafinta!" Ya kwashe labarin duka ya faɗa, tun daga zakara har zuwa takalman da aka kyautar, da muryar da ta sa masu jiran magani a baranda suka matso taga.

Likitar ta saurare shi har ƙarshe. Ta cire tabarau ta goge. Sannan ta tashi ta zaga bayan Ƙwai, ta sunkuya daidai kunnenta ta raɗa, "'Yata, gyalenki ya kama da wuta."

Uwar ta zabura, Kaka ta zabura. Ƙwai na zaune tana kallon bango, hannuwanta a kan cinya.

Likitar ta dawo gabanta, ta ɗaga murya, tana rarrabe kalmomi. "Kin ji abin da na ce yanzu a bayanki?"

"Kin yi magana ne, Likita?"

Likitar ta juya ga iyayen. "Maganin da muka ba ta yakan rage wa wasu yara ji. Ya kamata a ce an duba tun tuni. Za a auna kunnen, akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa, za ta taimaka mata ƙwarai. Wannan yarinya ba ta ji raɗa ɗaya ba tun da ta bar asibitin nan."

Uwar ta dafe ƙirji, ta manta da doka, ta ce da sauti, "Duk nasihar da na yi mata?"

"Ba ta ji ba."

"Duk faɗan da na yi mata a kan wanke-wanke?" in ji Kaka.

"Shi ma."

"Shi ya sa!"

Mai Agogo bai saki ƙafar robar ba. Ya matso ya raɗa, Kawu ya fassara: "Ya ce, to shi mai barcin fa?"

"Malam, barci misali ne na yi maka, don a lokacin ban da tabbas. Ciwo ba shi da kunne. Shekarun nan duka awonta lafiya yake fitowa, har na bana. A iya saninmu ta warke. Za ta ci gaba da zuwa awo, rai kuma a hannun Allah yake, nata da naka da nawa."

Mai Agogo ya sunkuyar da kai. A fuskarsa ana ganin bai gamsu ba. Ya sake raɗa, Kawu ya sake fassara: "Ya ce ba don ya ƙaryata ki ba, amma ta ina aka san ba shirun ne ya riƙe shi ba?"

Kafin likitar ta amsa, Ƙwai, wadda ta ji fassarar Kawu tsaf, ta ce, "Wane shiru, Baba? Gidanmu ai ba shiru. Kullum bayan azahar ina jin injin nan."

"Wane inji?" in ji likitar.

"Na ɗakin Kaka. In ta shiga ƙailula sai a kunna shi. Har kwanukan kan kabad ke rawa. Shi kaɗai nake ji a gidan tun ina ƙarama, ɗakina kuwa bango ɗaya ne da nata."

Uwar ta dubi ƙasa. Mai Agogo ya dubi fankar da ya kashe. Shekara da shekaru kowa a lungun ya san munsharin Kaka, har masu wucewa kan ɗauka ana niƙa ne a gidan, amma da yake mahaifiya ce, ɗanta bai taɓa yarda kunnensa ya ji ba, balle bakinsa ya faɗa.

"Ni?" in ji Kaka. "Ja'irar yarinya! Ni ban taɓa munshari ba tun da uwata ta haife ni. Ai da na ji!"

Mai ƙafar roba ne ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Kawu ya dafa kafaɗar surukinsa. "Mai Agogo, ciwon da ya kwana bango ɗaya da wannan inji bai tashi ba, ka bar shi, ba barci yake ba. Ya daɗe da kwashe kayansa."

Mai Agogo ya miƙa wa saurayin ƙafarsa da hannu biyu, ya ba shi haƙuri. Sannan ya zauna, kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

Likitar ta ce wa Ƙwai, "To, 'yata, makaranta fa?"

Ƙwai ta ce, "Likita, ke aikinki ne ki kwantar wa mutum da hankali. Kawu kuma yakan ce saura mutum ɗaya alhali mota babu kowa. Baba ne bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. In ya faɗa mini da bakinsa na ji da kunnena, zan tafi."

Duk idanu suka koma kan Mai Agogo. Ya miƙe, ya gyara hula, ya buɗe baki. Abin da ya fito bai fi kukan ƙofar da ba a shafa wa mai ba. Muryar ta daɗe a ajiye, ta yi tsatsa.

"Daga ciki!" in ji Kawu. "Ba daga maƙogwaro ba! Ka ɗauka fasinja ne zai shiga motar wani!"

Ya sake gwadawa, tari ya sarƙe shi. Mai goyo ta miƙo masa ruwa. Ya sha, ya yi bismilla, ya dubi 'yarsa, wadda ta kafa wa leɓɓansa ido kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Ya cika ƙirjinsa da iska.

"Kin warke! Da izinin Allah kin warke, 'yata! Ki tafi makaranta!"

Muryar ta fita ta taga ta bi baranda. Nan take wani jariri ya tsala kuka a ɗakin da ke kusa. Mai Agogo ya yi tsalle ya riƙe hannun Kawu.

"Jariri ne, Malam," in ji likitar. "Shi kam ka tashe shi."

Ƙwai ba ta yi dariya ba. Ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago sai ta ce, "Ashe haka muryarka take, Baba." Ta juya ga uwarta. "Umma, takalman nan da na bayar, ko za a iya karɓo su?"

An karɓo wasu, wasu an ce sun riga sun saba da ƙafar masu su. Aka auna kunnen, aka maƙala mata na'urar. Ranar da ta fara sa ta, Kaka ta shiga ƙailula, Ƙwai ta fito tsakar gida da gudu ta cire ta, ta ce ashe da can rabin injin take ji.

Ran tafiya Kawu ya shigo har tsakar gida ya yi sallama, tantabaru suka tashi, ba wanda ya ɗaga yatsa. Mai Agogo ya kwance bakin tsohuwar safar nan, ya zaɓi ƙararrawa mafi girma, ya ɗaura ta a kan wani agogon tebur, ya gwada ta sau biyu a gaban kowa, ya sa a jakar 'yarsa don kada ta makara aji. Kawu ya zaunar da ita a gidan gaba kamar yadda ya yi alkawari, ya rataya a ƙofa yana kiran saura mutum ɗaya. Uwar ta koma gida ta jawo turminta daga gidan maƙwabta. Kaka kuwa har yau tana ƙorafin cewa an cika gidan da hayaniya, mutum ba ya samun barci.

Ya Allah, yaran da suka kwanta a gadajen nan ba su tashi ba, Ka yi musu rahama, Ka sa su zama masu ceton iyayensu, Ka sanyaya zukatan da suka bari. Ka jiƙan magabatanmu, Ka haskaka makwancinsu. Waɗanda Ka tayar, Ka ƙara musu lafiya da tsawon rai mai albarka, Ka saka wa masu jinyarsu da alheri. Wanda ya karanta wannan kuma, Ka tsare shi da iyalinsa daga cuta, Ka ba shi ikon faɗa wa nasa alheri da muryar da za su ji. Amin.